Yadda Ake Adana Gawarwakin Fir'aunonin Masar

Mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya, yaya ake kula da gawarwakin Fir'aunonin Masar a yau?

To Malam, babban abokin gabarsu danshi ne, domin shi ke kawo funfuna. Shi ya sa suke cikin akwatunan gilashi, ana auna zafi da laima dare da rana. Aikin ya cancanci yabo, don har yau Sarauniya Tiye tana da dogon gashinta. A 1976 har Faris aka kai Ramses na Biyu domin a kashe funfunar da ke cinsa, sojoji suka tarbe shi.

A Afrilun 2021 kuwa, aka kwashe gawarwakin sarakuna 18 da sarauniyoyi 4 daga gidan tarihin da ke dandalin Tahrir zuwa sabon gidan tarihi a Fustat, kowa da motarsa, cikin akwati mai iskar nitrojin. Shugaba Sisi da kansa ya tarbe su, aka harba igwa sau 21.