Darasi: Hanyar tattaki a harabar makaranta

Aikin inganta abinci mai gina jiki a ƙasar Nijar ya fi karkata ga yaƙi da tamowa, kuma hakan daidai ne. Sai dai a biranen Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai wata matsala tana ƙaruwa a gefe guda: hawan jini, ciwon sukari da ƙiba mai yawa. Sukan kama ɗan kasuwar da ke wuni zaune a shago, da ma'aikacin ofis da ba ya rabuwa da babur, da uwargidan da ba ta cika fita ba. A gida ɗaya ana iya samun yaro mai tamowa da kaka mai ciwon sukari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, yaro mai shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 a kullum. Tafiya da sauri ta wadatar. Alamarta ita ce numfashi ya ɗan ƙaru, amma mutum yana iya magana da na kusa da shi.

Ina za a yi tafiyar? Bakin titi cike yake da babura da ƙura, mata da yawa kuma ba za su yarda su yi ta zagaya unguwa a idon jama'a ba. Makarantar firamare kuwa tana da fili, sau da yawa da katanga, kuma babu kowa cikinta bayan an tashi ɗalibai da ranakun hutu. Idan aka share hanya mai faɗin mita biyu a kewayen filin ƙwallo cikakke, zagaye ɗaya yana kusan mita 350. Zagaye bakwai ya kai tafiyar rabin awa.

Share hanyar ba shi ne abu mai wuya ba. Abin da ke wargaza irin wannan shiri shi ne rashin yarjejeniya. Tun farko shugaban makaranta da kwamitin kula da ita, wato CGDES, da mai unguwa su rubuta lokacin buɗewa da rufewa, da wanda zai riƙe mabuɗi, da mai kula da makewayi. A keɓe wa mata lokacinsu, domin in ba haka ba maza ne kawai za su amfana. Kada baƙo ya shiga ana cikin karatu. Ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa, dama ce ta jera dogon yaro a gefen hanyar saboda inuwa.

A watannin Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, don haka a fita bayan sallar asuba ko gab da magariba, da ruwan sha a hannu. Mai ciwon sukari ya sa takalmi rufaffe, ya duba tafin ƙafarsa bayan ya gama, saboda ƙaya tana iya sukarsa bai ji ba. Idan yana shan magani ko allurar insulin, ya riƙe dabino kaɗan don ya ci idan sukarinsa ya yi ƙasa sosai.

Wannan shawara ba ta kowa ba ce. Matar karkara da ke tafiya mai nisa ɗebo ruwa da itace ba ta buƙatar ƙarin tattaki. Abinci da hutu take buƙata. Haka yaron da ake jinyar tamowarsa. Wanda kuma ya ji ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi yana cikin tafiya, ya tsaya nan take, a kai shi cibiyar lafiya mafi kusa.