Yadda Ake Ɗora Linux Mint A Kan Tsohuwar Laftof

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum da yake bai wa Windows 10. Ita kuma Windows 11 ba kowace kwamfuta take shiga ba, sai mai guntun tsaro na TPM 2.0, a ɓangaren Intel kuma sai injin ƙarni na takwas zuwa sama. Da yawa daga cikin laftof ɗin hannu da ake sayarwa a kasuwanninmu ba su cika wannan sharaɗi ba, alhali lafiyarsu ƙalau. Irin waɗannan ne Linux Mint ke yi wa rana. Babbar manhaja ce ta kyauta wadda Clément Lefèbvre ya fara a 2006, an gina ta a kan Ubuntu, kuma jerin Mint 22 zai ci gaba da samun sabuntawa har 2029.

Kafin komai, duba ƙarfin kwamfutarka. Mint na buƙatar RAM na 2GB, amma sai da 4GB za ka ji daɗinta, da sararin ajiya aƙalla 20GB. Dole injin ya zama na 64-bit, domin tun daga Mint 20 aka daina fitar da na 32-bit. Fuska uku take zuwa da su: Cinnamon, MATE da Xfce. Mai 4GB zuwa sama ya ɗauki Cinnamon, ita ta fi kama da Windows a ido. Wanda kwamfutarsa ke nishi ya ɗauki Xfce.

Mataki na farko shi ne kwashe kayanka, kuma a nan aka fi yin kuka. Hotunan biki, takardun makaranta, karatun malamai da ka daɗe kana tarawa, duk ka kwafe su zuwa wani rumbun ajiya na waje. Bayan ka kwafa, buɗe kaɗan daga ciki ka tabbata sun tafi lafiya. Kada ka manta da kalmomin sirrin da burauza ta daɗe tana riƙe maka, waɗanda kai kanka ka manta su.

Daga nan sai ka shiga shafin Linux Mint na hukuma ka sauke fayil ɗin ISO. Girmansa ya kusa 3GB, don haka ka nemi inda intanet ke da ƙarfi, ko ka jira datar dare mai sauƙin kuɗi. Inda layi ke yawan yankewa, fayil kan sauka da rauni ba ka sani ba, sai an yi nisa da aiki ya tsaya cak. Maganin wannan shi ne auna shi. A Windows, buɗe tagar umarni ta cmd a cikin jakar da fayil ɗin yake, ka rubuta certutil -hashfile, sai sunan fayil ɗin, sai SHA256. Za ta fito da dogon jerin haruffa da lambobi. Kwatanta shi da wanda ke cikin sha256sum.txt a shafin Mint. Ko harafi ɗaya ya saɓa, sake saukewa.

Sai filash. Nemi mai 8GB wanda babu abin da kake so a ciki, domin za a shafe shi tas. Kwafa ISO ɗin kai tsaye zuwa filash ba ya aiki. Sai da manhaja irin balenaEtcher ko Rufus: ka zaɓi fayil, ka zaɓi filash, ka danna, ka jira.

Idan kana so Windows ta zauna tare da Mint a kwamfuta ɗaya, shiga saitin Windows tukuna ka kashe Fast Startup, ka kuma kashe BitLocker in yana kunne. Sannan ka kashe kwamfutar, ka soka filash, ka kunna kana danna maɓallin zaɓen tashi. A HP yawanci F9 ne, a Dell da Lenovo F12, a Asus kuma Esc. Zaɓi filash ɗin daga jerin da ya bayyana.

Abin da zai fito cikakkiyar Mint ce tana gudana daga kan filash, ba ta taɓa rumbun ajiyarka ba. Mutane da dama suna ganin alamar Install Linux Mint a kan allo sai su yi wuf su danna. Dakata, malam. Ba a sayen akuya sai an taɓa ƙugunta. Haɗa Wi-Fi ka gani. Kunna bidiyo ka ji ko sauti na fita. Gwada kyamara, da maɓallan ƙara haske da rage shi, da wurin jan linzami. In kana da firinta, jona ta ka buga shafi guda. Za ka ga tana ɗan jinkiri, wannan daga filash ne, bayan an ɗora ta zai wuce. Idan Wi-Fi bai bayyana ba, galibi katin Broadcom ne da ke cikin wasu tsofaffin HP da Dell. Jona wayarka ta Android da igiyar caji, ka kunna raba intanet ta USB, Mint za ta gane shi nan take, daga baya a sauke direban katin.

In ka gamsu, tabbatar da caji. Batirin tsohuwar laftof ba abin yarda ba ne, kuma idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar raba rumbu, za ka iya rasa Windows da Mint gaba ɗaya. Bari sai batiri ya cika ko janareta na kunne.

Yanzu sai ka danna Install Linux Mint. Tambayoyin da za ta yi maka ba su da wuya. Za ka zaɓi harshe da tsarin kibod, sai akwatin kodek na sauti da bidiyo, wanda ya kamata ka yi wa alama don fayilolinka su riƙa buɗewa. Shafi na gaba ne ke son natsuwa. Zaɓin da ya ce alongside Windows zai bar tsohuwar manhajarka, ya ba ka damar jan layi ka raba sarari tsakaninsu, kuma duk lokacin da ka kunna za a tambaye ka wadda kake so. Zaɓin Erase disk kuwa yana shafe komai, babu dawowa. Na ukun, Something else, na ƙwararru ne, bar shi. A taswira danna Legas ko Yamai don agogo ya daidaita, ka rubuta suna da kalmar sirri. Riƙe ta da kyau, za a riƙa neman ta duk lokacin da za ka saka manhaja. In ta gama za ta ce ka cire filash ka danna Enter.

Bayan tashin farko, fara da Timeshift, wanda ke ɗaukar hoton tsarin kwamfutar domin a iya komawa baya in wani abu ya lalace. Tsarin kawai yake adanawa, ban da takardunka da hotunanka, su kam sai ka ci gaba da kwafewa da kanka. Sannan Update Manager, mai alamar garkuwa kusa da agogo, sai Driver Manager don katin Wi-Fi ko na NVIDIA. A saitin kibod akwai tsarin Hausa na Nijeriya da na Ghana, ƙara ɗaya ka gwada ƙ da ɗ da ɓ. A Software Manager kuma ka lura: manhajojin Flatpak sukan jawo ƙarin kaya masu nauyi a saukewar farko, mai lissafin data ya fara duba na cikin gida, waɗanda ba na Flatpak ba.

Firefox da LibreOffice suna nan tun farko, kuma LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel, tana iya ajiye su a docx da xlsx. Ga ɗalibi, malami ko mai shago da ke rubutu da lissafi, ta wadatar. Amma CorelDRAW da Photoshop ba su da sigar Linux. Akwai Inkscape da GIMP, sai dai koyonsu sabon zama ne, kuma kwastoman da ya zo da fayil ɗin katin aure a filash ba zai jira ka gama koyo ba. Idan da CorelDRAW kake cin abinci, kada ka shafe Windows, ɗora Mint a gefenta.