Bizar aikin kwamfuta a Amurka: kamfani ne ke nema, ba dillali ba

Ina koyar da matasa rubuta manhaja a Ƙofar Kaura, kuma a shagonmu muna taya mutane cike fom ta intanet. Tambayar da ɗalibaina suka fi yi min, musamman waɗanda suka gama Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Kwalejin Hassan Usman, ita ce: "Malam, nawa ake biya a samu bizar aikin Amurka?" Da na ji wannan tambaya nakan san wani dillali ya riga ya hure wa yaron kunne.

Bizar da ake nufi ita ce H-1B, wadda dokar shige da fice ta Amurka ta 1990 ta kafa. Ma'aikaci ba ya nema wa kansa ita. Kamfanin da ya ɗauke ka aiki shi ne zai shigar da sunanka, ya kuma tabbatar wa ma'aikatar ƙwadago cewa zai biya ka albashin da ake biya a irin aikin. Ana buƙatar digiri a fannin, ko ƙwarewar da ta kai matsayinsa. Gurbi 65,000 ake bayarwa a shekara, da ƙarin 20,000 ga masu digiri na biyu daga jami'o'in Amurka. Masu nema sun ninka haka, shi ya sa ake rajista a watan Maris a fitar da waɗanda za su samu. Wajen kashi 70 cikin ɗari 'yan Indiya ke samu. Shekara uku ake bayarwa, ana iya sabuntawa zuwa shida, kuma idan aka sallame ka, kwana 60 kawai gare ka ka sami wani kamfani ko ka tattara kayanka.

A Satumban 2025 Shugaba Trump ya sa hannu kan umarnin da ya ɗora dala 100,000 a kan sabuwar takardar neman wanda ke wajen ƙasar. Kamfani ne zai biya. To don Allah, wane kamfani ne zai zuba wannan kuɗi a kan wanda bai taɓa yi wa intabiyu ba, bai ga aikin hannunsa ba? Na ga uban da ya sayar da gona ya damƙa wa wani ejan kuɗin, aka ba ɗansa takarda mai hatimi da tuta, a ƙarshe wayar ejan ta daina shiga. Wannan abu yana ci min rai, don yaron ya iya aiki sosai.

A Ingila ma haka tsarin yake: sai kamfani mai lasisi ya ba ka takardar ɗaukar nauyi. Gwamnatinsu tana wallafa sunayen irin waɗannan kamfanoni a shafinta, kyauta kowa zai duba.

Jamus ce ta ɗan sassauta. Tun ƙarshen 2023 mai aikin kwamfuta da ya yi shekara uku a fagen zai iya neman katin aiki na Tarayyar Turai ko ba shi da digiri, muddin akwai kamfanin da ya ba shi aiki da albashin da doka ta yanka.

Saboda haka kafin ka fitar da ko kwabo, nemi sunan kamfanin, ka shiga shafinsa da kanka, ka tura musu saƙo ka tambaya ko sun san da maganarka. Idan ejan ya ƙi faɗin sunan kamfani, ko ya ce ba sai an yi intabiyu ba, ka riƙe kuɗinka da fasfonka.