Tambaya da Amsa: Ɗana ya ba wata jami'a baki, yanzu yana neman janyewa

TAMBAYA

Ni mutumin Zariya ne, ina zaune a Houston ta jihar Texas. Ɗana na biyu a nan aka haife shi, yana ajin ƙarshe a sakandare, kuma Allah ya hore masa baiwar ƙwallon Amurka, wadda ake sa kwalkwali ana karo da juna. A watan Yuni muka ziyarci wata jami'a, suka karrama mu, babban kocinsu ya zauna ya ci abinci da mu, ya ce za su ɗauki nauyin karatun yaron. A gabana yaron ya ce ya amince, muka yi musafaha, aka ɗauki hotuna aka watsa a intanet. To yanzu an sallami kocin 'yan baya, wanda shi ne ya yi ta ɗawainiyar nemansa, ga kuma wata jami'a babba ta shigo da maganar kuɗi. Yaro ya ce zai janye. Ni kuwa na ce ban haifi ɗan da zai yi magana biyu ba. Mahaifiyarsa tana bayansa, gida ya rabu biyu. Har yanzu dai ba mu sa hannu a kowace takarda ba. Shin in matsa masa ya cika alkawari, ko in ƙyale shi?

Mahaifi, daga Houston

AMSA

Alhaji, Allah ya raya mana yaron, ya tsare shi daga rauni.

Abin da ka faɗa a ƙarshe, cewa ba ku sa hannu ba, shi ne kan maganar. Amsata a taƙaice: kada ka matsa masa. Amma kada ka ƙyale shi ya yi yadda 'yan uwansa yara ke yi, ya tashi da tsakar dare ya rubuta a wayarsa cewa ya fasa. Bari in warware maka dalili.

A Amurka jami'a ce hanyar zuwa babbar gasar NFL, domin gasar ba ta ɗaukar yaro sai ya yi shekara 3 da gama sakandare. Ƙwallon jami'a kuwa kasuwa ce mai zaman kanta. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum fiye da 107,000. Saboda haka tun yaro yana aji biyu ko uku ake bin sa, shafuka irin su 247Sports da Rivals suna raba wa yara taurari, mai biyar shi ne zakara. Koci ya ce ya yi maka tayi, kai kuma ka ce ka amince. Wannan amincewar ta baki, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ba ta san da zamanta ba. Ba ta ɗaure yaro, ba ta ɗaure jami'a. Idan za a kwatanta da namu, gaisuwar iyaye ce kawai, ba a yanka sadaki ba balle a ɗaura aure, da bambanci ɗaya: a nan mai neman auren ya kai gaisuwa gidaje da yawa a lokaci guda. Babbar jami'a kan yi wa ɗaruruwan yara tayi a shekara, alhali waɗanda za ta ɗauka daga sakandare ba su cika wuce 20 zuwa 30 ba.

Na san abin da ke damunka, kuma ban raina shi ba. Mun taso ana faɗa mana cewa saɓa alkawari yana cikin alamomin munafuki, kuma mutum da bakinsa ake kama shi. Sai dai ka duba wanda kuka yi musafahar da shi, shin shi ya ɗauki kansa a ɗaure?

A watan Nuwamban 2013 wani yaro daga jihar Illinois, Erik Swenson, ya ba Jami'ar Michigan baki. Ya tsaya a kan maganarsa fiye da shekara 2, har aka canza babban koci bai motsa ba. A watan Janairun 2016, saura makonni kaɗan ranar sa hannu, ya ce an shaida masa babu gurbinsa. Daga baya Oklahoma ta karɓe shi. Na Matt Colburn ya fi ciwo. Shi ne gwarzon 'yan ƙwallon sakandare na jihar South Carolina, ya yi wata 8 yana riƙe da maganarsa ga Louisville, sai ana saura kwana 2 a sa hannu a Fabrairun 2015 aka kira shi aka ce ya dakata sai wata shekarar, suna bukatar gurbin don wasu. A lokacin yawancin jami'o'i sun cike gurabensu. Wake Forest ta share masa hawaye, kuma a 2018 ya je har gidan Louisville ya yi musu kaca-kaca. Waɗannan yaran irin tarbiyyar da kake so suka nuna, kuma babu wata doka da ta hukunta waɗanda suka yasar da su.

Su kansu kociyoyin fa? A ƙarshen Nuwamban 2021, cikin kwana biyu, Lincoln Riley ya bar Oklahoma ya koma USC, Brian Kelly ya bar Notre Dame ya koma LSU a kan kwangilar shekara 10 ta dala miliyan 95. Dukansu sun zauna da iyaye sun ce ku ba mu amanar 'ya'yanku. Da suka tafi, aka ce sun samu ci gaba. Da yaran da suka ba su baki suka fara janyewa, sai magoya baya suka yi musu caa a intanet, wai ba su da amana. Dattijo mai miliyoyi ya tsallake kwangilar da ya sa wa hannu ba laifi, ɗan shekara 17 da bai sa hannu a komai ba shi ne maci amana. Wannan hukuncin ban yarda da shi ba, kuma ban so ka zama cikin masu yanke shi a kan ɗanka.

Labarin da ya fi kama da naku shi ne na Roquan Smith. Ranar sa hannu ta 2015, a ɗan garinsu Montezuma da ke jihar Georgia, ga kyamarorin talabijin, ya ɗauko safar hannu mai tambarin UCLA ya saka, alamar can za shi. Kafin ya aika da takarda sai labari ya iso cewa Jeff Ulbrich, kocin da ya yi ta nemansa, yana shirin komawa ƙungiyar Atlanta Falcons. Yaron ya ajiye alƙalami. Bayan 'yan kwanaki ya zaɓi Jami'ar Georgia, kuma ya ƙi sa hannu a takardar ɗaure kai da aka saba, ya tsaya a ta tallafin karatu kawai. A 2018 shi ne na 8 da aka zaɓa a NFL. Da ya yi gaggawar awa biyu, da ya wayi gari a ɗaure da makarantar da mutumin da ya ja shi can ya riga ya bari. Sallamar kocin 'yan baya da ka ambata ba ƙaramin abu ba ne. Babban koci ka gani a teburin abinci, amma wanda yaro zai wuni da shi kullum, wanda zai ce ya shiga fili ko ya zauna a benci, shi ne wancan. Wanda zai maye gurbinsa ba shi ya zaɓi ɗanka ba, kuma zai iya zuwa da nasa yaran.

Takardar ɗaure kan da na ambata, tun 1964 ake amfani da ita, kuma wanda ya karya ta yakan rasa kakar wasa guda. A Oktoban 2024 NCAA ta soke ta a manyan jami'o'i, aka koma yarjejeniyar tallafin karatu a rubuce. Da zarar yaro ya sa hannu, sauran jami'o'i dole su daina nemansa. Lokacin sa hannu na farko yanzu a farkon Disamba yake, na biyu a Larabar farko ta Fabrairu. Kafin nan ƙofa a buɗe take ga kowa, shi ya sa ake ganin abin mamaki kowace shekara. A 15 ga Disamban 2021 Travis Hunter, wanda wasu shafukan suka sa a kan gaba a duk ƙasar, ya yi jifa da hular Florida State da ya ba baki tun 2020, ya saka ta Jackson State, ƙaramar jami'ar baƙar fata inda Deion Sanders yake koci a lokacin. An zage shi iya zagi. A 2024, bayan ya bi Sanders zuwa Colorado, shi ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon 'yan wasan jami'o'i. Jifa da hular dai rashin kunya ce, ban ce ɗanka ya koya ba.

Yanzu maganar kuɗi, inda nake so ka fi buɗe ido, don a nan tsorona yake. Kafin Yulin 2021 haramun ne ɗan wasan jami'a ya karɓi ko sisi da sunansa ko hotonsa. Daga nan aka halatta, attajiran magoya bayan kowace jami'a suka kafa gidauniyoyi suna zuba kuɗi. A Yunin 2025 kuma alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 ga kowace jami'a a shekarar farko, a raba tsakanin duk wasanninta. Shigowar kuɗin nan ce ta ƙara rura wutar janyewa. Bryce Underwood ya ba LSU baki a Janairun 2024, a Nuwamba ya juya zuwa Michigan da ke kusa da gidansu, jaridu suka ruwaito cewa kuɗin ya kai dala miliyan 10 ko fiye.

Amma ka zaunar da yaron ka ba shi labarin Jaden Rashada. A 2022 ya ba Miami baki, a Nuwamba ya juya zuwa Florida a kan yarjejeniyar dala miliyan 13.85 da wata gidauniyar magoya baya, ya sa hannu a Disamba. Kuɗin ba su zo ba. A Janairun 2023 ya nemi a sake shi, ya tafi Arizona State, daga can Georgia, a Mayun 2024 kuma ya kai kocin Florida da wani attajiri ƙara kotu yana zargin an yaudare shi. Ya saki na hannu, na gaba bai kamu ba. Shi fa mai jefa ƙwallo ne, matsayin da ya fi kowanne tsada. Ɗan baya irin ɗanka ba ya samun kusa da haka, don haka kada sifilin da ake gani a jaridu ya ruɗe ku.

Abin da zan ba ka shawara shi ne ka daina jayayya da yaron a kan ko ya halatta ya janye, ka koma tambayarsa abin da ke hannunsa. Babbar jami'ar nan, babban kocinta ne ya yi magana ko wani ɗan aike? Tayin nasu wanda za a iya karɓa yau ne, ko irin na a jira mu gani? Tallafin na shekara guda ne da ake sabuntawa, ko na shekara 4? Kuɗin jami'a ce za ta biya ko gidauniya, kuma me takarda ta ce idan ya ji rauni ko aka canza koci? Yara nawa ne a gabansa a matsayin da yake bugawa? Wannan ta ƙarshen tana da nauyi yanzu, domin tun da aka buɗe rajistar sauya jami'a a 2018, aka kuma sassauta dokarta daga 2021, koci yana iya ɗauko ɗan shekara 21 da ya goge ya ɗora a kan sabon shiga. Duk takardar kuɗi kuma lauya ya karanta kafin kowa ya taɓa alƙalami, lauyan da ku kuka biya, ba wanda wani dillali ya kawo ba. Sannan ka tambaye shi, in aka cire ƙwallo, wace makarantar zai so ya yi digiri a cikinta. Yaran da ke buga wannan wasa a sakandare sun kai miliyan guda, waɗanda NFL ke zaɓa a shekara ba su kai 300 ba.

Idan bayan duk wannan ya ga janyewar ce alheri, to a nan tarbiyyar Zazzau za ta yi aikinta. Shi da kansa zai kira babban kocin a waya, kana zaune kusa da shi, ya yi godiya, ya faɗi dalili ba tare da ƙarya ba. Koci ya ji daga bakinsa kafin duniya ta gani a intanet. Kuma ya yi da wuri. Akwai wani yaro a wani gari da ke jiran gurbin nan, akwai jami'ar da ta daina neman wani saboda ta dogara da ku. Wanda ya ja su har daren sa hannu yana sane da cewa ba zai zo ba, shi ne ya cuce su. Idan kuma zai je ziyarar wata jami'ar kafin ya yanke shawara, ya sanar da na farkon, ya kuma sani cewa wasu kociyoyin, irin Dabo Swinney na Clemson, sun shahara da ɗaukar irin wannan ziyara a matsayin janyewa.

Batun gida kuwa, ku kashe wutar tun yanzu. A Fabrairun 2013 mahaifiyar Alex Collins ta kwashe takardun sa hannu ta fice da su daga makarantarsu a Florida, don ba ta so ɗanta ya tafi Arkansas mai nisa. Sai washegari mahaifinsa ya sa hannu, duk Amurka tana kallo. Ɗanka bai kai shekarun da zai sa hannu shi kaɗai ba, za a nemi na ɗaya daga cikinku. Kada ya zama kai da Hajiya kuna ja-in-ja a gaban baƙi.

Alhaji, ka kira shi da mahaifiyarsa a wannan makon, ku rubuta tambayoyin nan, ku aika wa jami'o'in biyu. Kada ya saki ta farko sai ta biyu ta ba ku amsa a rubuce, kuma ku gama kafin Disamba ta kama.