Amsoshin Tambayoyinku: Tarkacen Ƙarƙashin Teburin Jirgin Ƙasa na Wasa

Wani mai sauraro daga Kakuri, kusa da tashar Kaduna Junction inda layin dogon Legas ya haɗu da na Fatakwal, ya ce ya shimfiɗa ƙaramin layin dogo na wasa a kan teburi, amma tarkace ya cushe ƙarƙashinsa. Ina mafita?

To, matsalar tsohuwa ce ga masu wannan sha'awa. Da yawansu kan ɗora layin ne a kan falanki mai ƙafa 4 a faɗi, 8 a tsawo, bisa ma'aunin HO, wanda jirgin gaske ya ninka na wasa sau 87. Ƙarƙashin falankin kuwa ba sito ba ne, hanyar wayoyin lantarki ce. Ranar da waya ɗaya ta tsinke, dole mai shi ya kwanta rigingine da tocila a baki yana laluben ta. Saboda haka a bar tsakiya fayau, a ɗaure wayoyin a jikin katako.

Wajen adana tarkacen kuwa, kwali shi ne babban kuskure a Kaduna. Laimar damina tana jiƙa shi, gara da kyankyasai su tare ciki. Gara robobi masu murfi, a rubuta wa kowacce abin da ta ƙunsa: taragu, fenti, kusoshi. Kafinta zai iya yi musu ɗan dandamali mai taya, a jawo a mayar.

Da hunturu kuma a lulluɓe teburin da zane, domin ƙura a kan dogo tana katse wuta, jirgin ya tsaya cak.