BABI NA TARA: KATUN NA GUJE-GUJE DA DANGANTAKARSA DA TATSUNIYAR HAUSA

9.0 Gabatarwa

Katun, wato zane mai motsi, nau'in fim ne da ake haɗawa daga zane-zane masu yawa, a jera su a riƙa haskawa da sauri, kimanin hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, har ido ya ga kamar suna motsi. Daga cikin ire-irensa akwai wanda aka gina kan kora da gudu da doke-doke, wanda Tom and Jerry ya fi kowanne shahara a cikinsa. Iyaye da malamai da dama suna kukan cewa irin wannan katun ya raba yara da tatsuniya. Wannan babi zai duba abin da ke jan hankalin yara gare shi, da inda ya haɗu da tatsuniya, sannan ya nuna yadda malamin Hausa zai ci moriyarsa a aji.

9.1 Taƙaitaccen Tarihi

William Hanna da Joseph Barbera ne suka ƙirƙiro Tom and Jerry a kamfanin MGM na Amurka. Fim na farko ya fito a 1940, kuma daga nan zuwa 1958 sun shirya gajerun finafinai 114, kowanne na kimanin minti bakwai, bakwai daga cikinsu suka ci kyautar Oscar. Bayan su Gene Deitch ya shirya 13 a birnin Prague tsakanin 1961 da 1962, sai Chuck Jones ya shirya 34 daga 1963 zuwa 1967. Shi wannan Chuck Jones shi ne ya fito da Road Runner a 1949, inda wani dilan daji yake bin tsuntsu mai gudu ba ya taɓa kama shi. Tun asali don sinima aka yi waɗannan finafinai, manya da yara suna kallo tare. Sun iso gidajen ƙasar Hausa ta talabijin, daga baya ta kaset ɗin bidiyo da faifan CD da tashoshin tauraron ɗan'adam, yanzu kuma ta wayar hannu.

9.2 Dalilan Karɓuwarsa

(a) Rashin dogaro da magana. Da wuya a ji Tom ko Jerry ya furta kalma. Motsin jiki da yanayin fuska da kiɗa su ke ɗauke da labarin. Ana iya ganin tasirin wannan a Zariya. Sabon Gari ta bunƙasa ne da zuwan jirgin ƙasa wajejen 1912, ta tara Yarbawa da Ibo da Nufawa da Hausawa. Samaru kuwa ta tara jama'a daga ko'ina saboda tashar binciken aikin gona da aka kafa a 1922 da Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. A irin waɗannan unguwanni, yaran da harsunan gidajensu suka bambanta sukan zauna gaban talabijin ɗaya su fashe da dariya lokaci guda, ba tare da tafinta ba.

(b) Rinjayen mai dabara a kan mai ƙarfi. Yaro shi ne ƙarami a gida, kowa yana iya aikensa ko tsawata masa. Don haka idan ya ga ɗan ɓera ya kunyata kyanwa, yakan ji kamar shi aka rama wa.

(c) Mugunta tana komawa kan mai ita. Tom ne ke ɗana tarko, kuma galibi shi tarkon ke kamawa. Bahaushe ya riga ya ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Mai kallo ya san abin da zai faru, abin da bai sani ba shi ne ta ina zai ɓullo, kuma wannan jiran shi ne rabin daɗin kallon.

(d) Duka ba ya barin tabo. Za a baje Tom kamar tabarma, ko a mayar da kansa siffar kwanon da aka buga masa, amma nan take ya miƙe garau. Da yake babu jini kuma babu mutuwa ta dindindin, tausayi ba ya hana dariya.

(e) Haɗuwar kiɗa da motsi. Scott Bradley, wanda ya tsara kiɗan finafinan Hanna da Barbera, yakan daidaita sauti da kowane taku da kowace faɗuwa, kamar yadda mai kalangu ke bin motsin ɗan dambe a fage.

9.3 Kamanci da Bambanci da Tatsuniya

Wanda ya nazarci tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara, aka wallafa tsakanin 1911 da 1913, ko littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, zai tarar da wannan jigo na ƙarami mai wayo da babba mai wauta. Gizo ya haɗa giwa da dorina jan igiya, kowace tana zaton da Gizo take ja. Kura kuwa, ga tsoro ga ban tsoro, kullum kwaɗayi ke kai ta ga halaka, kamar dai Tom. Haka kuma taurarin duka biyun ba sa tsufa, ba sa koyon darasi. Ko yaya aka ƙare da Gizo yau, gobe zai dawo da halinsa. Shi ma ɓera ba baƙo ba ne a tatsuniya, domin da kansa ake rufe ta, a ce ƙurunƙus kan ɗan ɓera.

Sai dai akwai bambanci mai muhimmanci ga malamin harshe. Makamin Gizo bakinsa ne, da daɗin baki da ƙarya da tsamin bakin da aka san shi da shi yake yaudarar manyan dawa. Makamin Jerry kuwa gudu ne da kayan gida. Bugu da ƙari, tatsuniya tana neman mai sauraro ya amsa, ya yi waƙa, ya zana hoton a zuciyarsa, wata rana shi ma ya bayar. Katun ya riga ya zana komai, mai kallo zai iya tashi bai furta kalma ɗaya ba. A nan kukan iyaye yake da tushe.

9.4 Amfani da Katun a Darasin Hausa

Tun da katun ɗin ba shi da magana, sai malami ya sa ɗalibai su yi masa. Bayan an kalli fim ɗaya, ko an tuno wanda aka sani inda babu wutar lantarki, ana iya bin waɗannan matakai:

1. Ba da labari. Ɗalibi ya mayar da abin da ya gani tatsuniya, da mabuɗinta da marufinta, ya sanya wa taurarin magana a baki.

2. Amsa-kama. Labarin guje-guje ba ya bayuwa sai da kalmomi irin su tim, caraf, wuf, zumbur, cak, tsundum da warwas. A rubuta su a allo, kowace da aikatau ɗin da take rakiya: ya faɗi tim, ya kama shi caraf, ya tsaya cak.

3. Giredin aikatau. Bisa rabe-raben F. W. Parsons, a kwatanta ya kori ɓera, ya koro ɓera da ya kore ɓera, ɗalibai su faɗi inda ɓeran ya nufa a kowace jimla.

4. Karin harshe. A tattara sunayen dabbobin biyu kamar kyanwa, mage, mussa, ɓera da kusu, a gano yankin da ake amfani da kowanne.

5. Karin magana. Kowane rukuni ya kawo karin maganar da ta dace da ƙarshen labarin.

Wajibi ne malami ya fara kallon fim kafin ya kawo shi aji, domin wasu tsofaffin finafinan suna ɗauke da zanen da ke muzanta baƙar fata. Haka nan ya fahimtar da ƙananan yara cewa dukan da Tom ke sha ya miƙe, ɗan'adam ba ya miƙewa daga irinsa.

9.5 Kammalawa

An ga cewa abin da ke jan yaro ga katun na guje-guje shi ne abin da ya ja kakanninsa ga Gizo da kura. Abin da katun ya rasa shi ne harshe, kuma cike wannan giɓi aikin malamin Hausa ne.

Tambayoyin Bita

1. Kawo dalilai huɗu da suka sa katun na guje-guje ya karɓu ga yara masu harsuna daban-daban.
2. Kwatanta halayen Gizo da na Jerry, tare da misali daga tatsuniya ɗaya.
3. Gina jimloli biyar masu ɗauke da amsa-kama a kan kora da gudu.
4. Tsara darasin minti 35 ga ɗaliban aji biyar na firamare bisa matakan da ke 9.4.