Darasi na 14: Rayuwar Giwa a Daji

Idan ka shiga kasuwar shanu ta Mubi, ka dubi bijimin da ya fi kowanne girma, sa'an nan ka tara irinsa goma a zuciyarka. Duk goman nan ba su kai nauyin babban toron giwa ɗaya ba, domin yakan kai kilo 6,000. Babu dabbar da ta kai giwa girma a doron ƙasa. Da Fulatanci ana kiranta "nyiiwa". Ka lura, a Hausa kalmar giwa mace ce, shi ya sa mukan ce "giwa ta zo". Idan namiji ake nufi, sai a ce toron giwa. Jam'inta kuwa giwaye.

Da wuya ka ga giwa a kewayen Mubi a yau. In kana son ganinta, sai ka nufi Yankari a Jihar Bauchi, ko gandun dajin Waza a ƙasar Kamaru, can bayan duwatsun Mandara. A watan Disamba na 2019 an hango garken giwaye kimanin 250 kusa da Rann, a Jihar Borno.

Yawancin ranar giwa a wajen kiwo take ƙarewa. Takan yi awa 16 tana ci, kuma tana iya cinye kilo 150 na ciyawa da ganye da ɓawon itace. Tana son 'ya'yan aduwa ƙwarai, takan kuma ɓare jikin kuka saboda ruwan da ke ciki. Barcinta kaɗan ne, sau da yawa ba ya wuce awa biyu, wani lokaci ma a tsaye take yinsa.

Dogon hancinta shi Hausawa suke kira hannun giwa, kuma sunan ya dace. Da shi take karya reshe, da shi take tsintar ƙaramin ɗan itace a ƙasa, da shi take gaisawa da 'yar'uwarta. Kada ka zaci ta hanci take shan ruwa. Zuƙo shi take yi, sa'an nan ta zuba a baki. Idan rana ta take, sai ta shiga inuwa tana kaɗa faffaɗan kunnuwanta don jininta ya huce. Bayan wanka takan shafe jikinta da taɓo ko ƙura, saboda zafin rana da cizon ƙwari. Da rani, giwayen Yankari sukan taru a bakin kogin Gaji.

Wa kake tsammani yake shugabancin garke? Ba toro ba ne, tsohuwar uwa ce. Garken ya ƙunshi ita da 'ya'yanta mata da 'yan'uwanta da jikokinta. Ita ta san inda ruwa yake a shekarar fari, domin ta taɓa zuwa can tun tana ƙarama. Namiji kuwa, da zarar ya kai shekara 12 zuwa 15, sai ya bar garke, ya yi zaman kansa ko ya bi sauran maza. Giwa takan yi wata 22 da ciki, ta haifi ɗa mai nauyin kilo 100. Idan haɗari ya taso, manya sukan kewaye ƙananan, su sa su a tsakiya.

To, ka ga ɓarnar da maharbi yake yi idan ya kashe tsohuwar nan don haurenta. Garken ya rasa wadda ta san hanya. Manomi ma yana da nasa kukan, kuma a ganina kukan gaskiya ne: giwaye suna iya cinye gonar dawa a dare ɗaya. A wasu ƙasashen Afirka, kamar Kenya, manoma sukan rataye amya a gefen gona, domin duk girman giwa tana tsoron ƙudan zuma.

Tambayoyi

1. Me ya sa Hausawa suke kiran hancin giwa "hannu"?
2. Wace asara garke yake yi idan aka kashe tsohuwar uwa?
3. Hausawa sukan ce, "Giwa a garin wani zomo ce." Bayyana ma'anar wannan karin magana, ka kawo makamancinsa daga harshenku.